Bayan rushewar garun Yariko: yadda Kiristoci ke fahimtar labarin shigar Isra'ilawa ƙasar Kan'ana

Duk yaron da ya taɓa zama a ajin makarantar Lahadi ya san labarin Yariko. Kwana shida Isra'ilawa suna zagaya birnin sau ɗaya kowace rana, ba mai cewa uffan, firistoci bakwai riƙe da ƙahonin raguna, akwatin alkawari na biye da su. A rana ta bakwai suka zagaya sau bakwai, aka busa ƙaho, jama'a suka ɗaga murya, garu ya zube. A nan malamin yara yakan rufe littafi, a tashi a yi waƙa. Amma ayar da ke biye, Joshuwa 6:21, ta ce sun hallaka duk abin da ke cikin birnin da kaifin takobi, maza da mata, yara da tsofaffi, har shanu da tumaki da jakuna. Wannan aya da ire-irenta sun fi shekara 1,800 suna hana masana tauhidin Kirista sakat. Yaya mai bin Yesu, wanda ya ce a ƙaunaci maƙiyi, zai karanta wannan a gaban jama'a, ya kuma ce maganar Allah ce?

Ga tsarin labarin a taƙaice. Allah ya yi wa Ibrahim alkawarin ƙasar Kan'ana. Zuriyarsa suka sha bauta a Masar, Musa ya fito da su, suka yi shekara 40 a jeji, Musa ya rasu bai shiga ba. Mai karatu Musulmi ba baƙo ba ne a wannan gaɓa, domin Suratul Ma'ida ta kawo yadda mutanen Annabi Musa suka ƙi shiga ƙasa mai tsarki aka haramta musu ita shekara 40, malaman tafsiri kuma sun ambaci Yusha'u ɗan Nun cikin mutum biyun da suka tsaya da gaskiya. Shi ne Joshuwa na Littafi Mai Tsarki. Littafinsa sura 24 ne: goma sha biyun farko ƙetare Urdun da yaƙe-yaƙe, daga sura 13 zuwa 21 rabon ƙasa ga kabilu, sauran kuma jawabin ban kwana da sabunta alkawari a Shekem. Umarnin da ake yaƙin a kansa yana cikin Maimaitawar Shari'a sura 7 da sura 20: biranen nesa a fara yi musu tayin sulhu, amma al'ummai bakwai na cikin ƙasar kada a bar musu mai numfashi, don kada su koya wa Isra'ila bautar gumakansu.

Amsa mafi sauƙi ita aka fara kawowa, ita kuma aka fara ƙi. Wani mutum mai suna Markiyon, daga garin Sinof a bakin Baƙin Teku, ya zo Roma ya koyar cewa Allahn Tsohon Alkawari daban yake da Uban Yesu. Ya yar da littattafan Isra'ila gaba ɗaya, ya riƙe bisharar Luka da ya yi wa aski da wasiƙun Bulus guda 10. A shekara ta 144 ikilisiyar Roma ta fitar da shi. Dalilinta kuwa a fili yake: Yesu da kansa daga waɗannan littattafai ya yi wa'azi, da Zabura a bakinsa ya mutu, manzanninsa ba su da wani Littafi sai su. Tun daga ranar Kirista ya rasa hanyar gudu. Littafin Joshuwa nasa ne, dole ya san yadda zai yi da shi.

Wanda ya fi kowa tasiri a zamanin farko shi ne Orijen, haifaffen Iskandariya ta Masar, wanda ya yi wa'azi 26 a kan littafin Joshuwa a garin Kaisariya wajen shekara ta 240. Bai ɓoye damuwarsa ba. Ya ce da waɗannan yaƙe-yaƙe na jiki ba hoton yaƙin ruhu ba ne, da manzanni ba su miƙa wa almajiran Sarkin Salama littattafan don a riƙa karantawa a cikin majami'u ba. A wurinsa mutuwar Musa ita ce ƙarshen zamanin Shari'a, Joshuwa kuma hoton Yesu ne, tun da a Helenanci sunansu ɗaya ne. Ƙetare Urdun baftisma ce. Yariko ita ce duniyar da busar bishara ke rushewa. Sarakunan nan biyar da suka ɓuya a kogo a sura 10 su ne gaɓoɓin ji biyar na ɗan Adam, gani da ji da sauransu, waɗanda ta ƙofarsu zunubi ke shiga. Kan'aniyawan da aka ce kada a bar ko ɗaya kuwa su ne fushi, girman kai, kwaɗayi da hassada da suka yi kaka-gida a zuciyar mai bi. Tun kafin shi ma, wajen shekara ta 96, Kilemas na Roma ya riga ya ce jan zaren da Rahab, matar Yariko da ta ɓoye 'yan leƙen asirin Isra'ila, ta ɗaura a taga alama ce ta jinin Almasihu.

Kada a raina wannan fassara. Ita ce ta ciyar da ikilisiya ɗaruruwan shekaru, ita ce har yau ke bayan waƙoƙin da ke kiran mutuwa ƙetare Urdun, Kan'ana kuma gidan sama. Tana da gindi a Sabon Alkawari, inda Afisawa 6:12 ta ce kokawarmu ba da nama da jini take ba. Mafi girman alherinta shi ne ta juyar da takobin daga wuyan maƙwabci zuwa zuciyar mai karatu. Raunin ta kuma shi ne ba ta amsa tambayar da talaka zai yi ba: to, amma an kashe mutanen ko ba a kashe su ba? Idan an kashe, mai da gawar yaro alamar girman kai bai dawo da ransa ba.

Agustin, bishop na Hippo, inda garin Annaba na Aljeriya yake a yau, ya bi ta wata hanya. Ya karɓi labarin a matsayin abin da ya auku, ya ce yaƙin da Allah da kansa ya umarta ba a tuhumar adalcinsa, Joshuwa kuma ɗan aike ne, hukuncin ba nasa ba ne. Bayan fiye da shekara 1,100, Jon Kalbin na Janeba, wanda sharhin Joshuwa shi ne aikinsa na ƙarshe kafin rasuwarsa a 1564, ya amsa cewa kisan jarirai da ɗan Adam ne ya ƙirƙiro shi da ya zama rashin imani na ƙin ƙarawa, amma tun da Mai rai da mutuwa ne ya yanke, bakin mutum ya mutu.

Masu wannan ra'ayi ba da hannu wofi suke ba. A Farawa sura 15 Allah ya gaya wa Ibrahim cewa zuriyarsa za su yi baƙunci shekara 400, don muguntar Amoriyawa ba ta cika mudu ba tukuna. Wato an bar zaɓaɓɓu cikin wahala, an jinkirta musu gādo, domin ba a hukunta al'umma kafin lokacinta. Maimaitawar Shari'a 12:31 ta ambaci ƙona 'ya'ya a wuta don gumaka. Sura 9 kuma ta toshe wa Isra'ila hanyar alfahari, ta maimaita musu cewa ba don adalcinsu ake ba su ƙasar ba, su mutane ne masu taurin kai. Littafin Firistoci sura 18 ya fi kowanne kaifi: ƙasar ta amayar da mazaunanta saboda ƙazantarsu, ku ma in kun yi haka za ta amayar da ku. Haka kuwa aka yi. Assuriyawa suka ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu, Babiloniyawa suka ƙone Urushalima a 586. Annabawa ba su kira wannan zalunci ba, sun ce hukuncin Ubangiji ne. Ma'auni ɗaya aka auna Bakan'ane da Ba'isra'ile da shi.

Wannan hujja na da nauyi, ni ma ina ganin ba za a fahimci littafin ba in an cire ta. Sai dai ba ta share hawaye duka ba. Idan laifin Kan'aniyawa shi ne kashe 'ya'yansu, yaya kashe 'ya'yan zai zama maganin laifin? Ezekiyel sura 18 ta ce ɗa ba zai ɗauki alhakin uba ba. Masu bin Agustin da Kalbin sukan ce nan ne iyakar hankalin mutum. Wannan amsa ce ta gaskiya daga bakin wanda ya sha fama da nassin, amma tana zama abin tsoro a bakin wanda bai taɓa jin zafin tambayar ba.

A 'yan shekarun nan masana sun koma sun karanta littafin a hankali, suka lura da abin da yake gaban kowa tun da can. Littafin na magana da murya biyu. Joshuwa 10:40 ta ce ya ci ƙasar tuddai da Negeb da filayen gindin tsaunuka, bai bar kowa da rai ba. Sura 11 ta rufe da cewa ya ƙwace ƙasar duka, ƙasa ta huta da yaƙi. Sura 12 ta jero sarakuna 31 da aka ci. Ana buɗe sura 13 sai ga Ubangiji yana ce wa Joshuwa ka tsufa, ga kuma ƙasa mai yawa da ba a mallaka ba. Hebron da Debir da aka ce an shafe a sura 10, sai ga Kalibu da Otniyel suna yaƙinsu a sura 15. A sura ɗin dai aka ce mutanen Yahuza sun kasa korar Yebusiyawa daga Urushalima, suna zaune tare har wa yau. Littafin Mahukunta sura 1 ya zo da jerin garuruwan da ba a kori mutanensu ba: Bet-sheyan, Ta'anak, Dor, Magiddo, Gezer, Akko. Ko Maimaitawar Shari'a sura 7, bayan ta ce a hallaka su ƙaƙaf, aya ta gaba cewa ta yi kada a yi auratayya da su. Wa ke auren wanda ya riga ya shafe? Fitowa 23:30 kuma cewa ta yi kaɗan-kaɗan za a kore su.

Marubucin ba mantuwa ya yi ba, salon zamaninsa ya bi. A 1896 Filindas Fetri ya tono wani dutse a Tibis ta Masar, wanda Fir'auna Marnefta ya sa aka rubuta wajen shekara ta 1208 kafin haihuwar Almasihu. A jikinsa Fir'auna na kirarin cewa an mai da Isra'ila kufai, irinta ya ƙare. Wannan ne ambaton Isra'ila mafi tsufa da aka samu a wajen Littafi Mai Tsarki, kuma sanarwar ƙarewarta ce. A 1868 an sami wani dutsen a Diban ta ƙasar Jodan, na Mesha sarkin Mowab, wajen shekara ta 840 kafin haihuwar Almasihu. Shi ma ya ce Isra'ila ta hallaka har abada, ya ci garin Nebo, ya kashe mutum 7,000, ya keɓe su ga gunkinsa. Isra'ila kuwa ta ci gaba da zamanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ya san in an ce wane ya yi kisa, abokin karawarsa ya kai ƙasa ne kawai, zai tashi ya karkaɗe jiki. Masana irin su Lawson Yanga, wanda ya gwada labaran yaƙin Assuriya da Hitti da Masar da na Joshuwa a 1990, sun nuna cewa "bai bar kowa ba" harshen nasara ne da mai sauraro na lokacin ya san ma'anarsa.

Wannan ya rage nauyin kayan, bai sauke shi ba. Ko da kirari ne, an yi yaƙi, an zub da jini, an raba mutane da gidajensu. Wanda ya ce da wannan bayani magana ta ƙare ya yi gaggawa.

Masu tonon kufai su ma sun sa baki, kuma abin da suka samo gauraye ne. Tudun tsohuwar Yariko, wanda maniyyata Kiristoci daga Najeriya kan tsaya su gani a Yammacin Kogin Jodan, bai kai hekta 5 ba. Jon Gastan ya tona shi daga 1930 zuwa 1936, ya ce ya ga garun da ya faɗi wajen 1400 kafin haihuwar Almasihu, abin da ya dace da lissafin 1 Sarakuna 6:1, cewa shekara 480 ce tsakanin fitowa daga Masar da fara ginin Haikalin Sulemanu. Katlin Kenyon ta sake tonawa daga 1952 zuwa 1958, ta ce rushewar ta auku ne wajen 1550, kuma a lokacin da ake sa ran zuwan Joshuwa ba wani birni mai garu a wurin. Yawancin masana sun bi ta, ko da yake Burayan Wud ya ƙalubalance ta a 1990. Wurin da aka fi ɗauka shi ne Ai, birnin da Joshuwa ya ci bayan Yariko, ya riga ya zama kango fiye da shekara 1,000 kafin lokacin. Hazor kuwa, babban birni mai kimanin hekta 80 a arewa, an same shi da toka mai kauri da gumaka da aka farfasa, alamar gobara mai tsanani a ƙarni na 13 kafin haihuwar Almasihu. Abin lura, birane uku kaɗai littafin ya ce an ƙone: Yariko, Ai da Hazor.

Abin da ba a jayayya a kai shi ne, wajen shekara ta 1200 ɗaruruwan ƙananan ƙauyuka marasa garu sun ɓullo a tsaunukan tsakiyar ƙasar, mutanensu manoma da makiyaya, kusan babu ƙashin alade a jujinsu, alhali a garuruwan Filistiyawa na bakin teku akwai shi. Daga ina suka zo? Olbirait na Amurka ya ce mayaƙa ne da suka ci ƙasar. Alt na Jamus tun 1925 ya ce makiyaya ne da suka shigo a hankali suka zauna. Mendenhol a 1962 ya ce talakawan Kan'ana ne da suka yi wa sarakunan birane tawaye. Finkelshtain na Isra'ila ya ce akasarinsu 'yan ƙasar ne da suka sauya salon rayuwa. Masana tauhidi da dama a yau suna ganin an sami kowanne daga ciki, kuma hoton da Littafin Mahukunta ya bayar, na zama a hankali a tsakanin Kan'aniyawa, bai yi nisa da abin da ƙasa ta nuna ba. Wasu, bin sawun Martin Not na 1943, sun ƙara da cewa littafin ya sami siffarsa ta ƙarshe ne a kusa da zamanin sarki Yosiya ko a zaman bauta a Babila. In haka ne, waɗanda suka fara jin sa a yadda yake yanzu ba mayaƙa masu nasara ba ne. Mutane ne da aka ci da yaƙi, suna tambayar yadda aka yi suka rasa ƙasar, littafin kuma yana gaya musu cewa sun zama kamar waɗanda aka kora a gabansu.

A ganina zuciyar al'amarin tana cikin labarai ukun da marubucin ya ba fili fiye da yaƙe-yaƙen kansu. Cin dukan arewacin ƙasar bai cika sura ɗaya ba, amma karuwa ɗaya Bakan'aniya ta sami sura guda cur. Rahab ta ɓoye 'yan leƙen asiri biyu a kan rufin ɗakinta, ƙarƙashin karan da ta shanya, daga bakinta kuma aka fara jin shaidar bangaskiya a cikin ƙasar: Ubangiji Allahnku shi ne Allah a sama da ƙasa. Bisa harafin doka ba ta da hurumin rayuwa. Ta rayu, da ita da iyayenta da 'yan'uwanta, aka ce tana zaune a cikin Isra'ila har wa yau. Nan da nan sai labarin Akan, ɗan kabilar Yahuza, Ba'isra'ile gaba da baya. Ya ga alkyabba mai kyau ta Babila, da shekel 200 na azurfa, da sandar zinariya mai nauyin shekel 50, ya haƙa rami a cikin alfarwarsa ya binne. Saboda shi aka kori Isra'ila a Ai, mutum 36 suka mutu, shi da gidansa suka sami irin hukuncin Yariko. Bakan'aniya ta zama 'yar gida, ɗan gida ya zama Bakan'ane. Mai shirya littafin ya ɗora labaran biyu kusa da juna ne don kada wani ya ce jini ko kabila ake bi.

Na ukun su ne Gibeyonawa. Suka zo da tsofaffin takalma masu faci, da salkunan ruwan inabi da suka yayyage, da busasshiyar gurasa mai fumfuna, suka ce daga nesa muke. Shugabannin Isra'ila suka ɗanɗana guzurin, ba su nemi shawarar Ubangiji ba, suka rantse musu. Bayan kwana uku asiri ya tonu, ashe maƙwabta ne. Jama'a suka yi gunaguni, amma aka ce rantsuwa da sunan Ubangiji ba ta tashi. Aka mai da su masu saran itace da ɗiban ruwa na wurin sujada. Ranar nan da ake cewa rana ta tsaya cak, yaƙin da Joshuwa yake yi na kare waɗannan Gibeyonawa ne daga sarakuna biyar da suka far musu.

Kafin duk wannan akwai ayoyi uku a ƙarshen sura 5 da ya kamata kowane mai wa'azi ya haddace. Joshuwa na kusa da Yariko sai ya ga mutum tsaye da takobi zare. Ya tambaye shi, kai namu ne ko na abokan gābanmu? Amsar ita ce a'a, ni sarkin yaƙin rundunar Ubangiji ne. Ya kuma umarce shi ya tuɓe takalmi. Ba a ba Joshuwa damar ya sa Allah a sahunsa ba. Littafin Firistoci 25:23 ya faɗi tushen abin: ƙasar tawa ce, ku baƙi ne masu zaman aro a wurina.

Da an riƙe wannan, da tarihin Kirista bai ɗauki wasu tabo ba. A muhawarar Bayadolid ta Sifen, 1550 zuwa 1551, Sefulbeda ya kafa hujja da hallakar masu bautar gumaka a Tsohon Alkawari don halatta yaƙi da 'yan asalin nahiyar Amurka. Bartolome de las Kasas ya mayar masa cewa umarnin na waɗancan al'ummai ne kaɗai a waccan ƙasa, ba izini ba ne a kan kowane mai bautar gunki. A watan Mayu na 1637 Turawan Ingila suka cinna wa ƙauyen 'yan kabilar Fikwot wuta a Mistik ta Amurka, ɗaruruwa suka mutu, ɗaya daga cikin jagororin harin, Jon Andahil, ya rubuta cewa wani lokaci Nassi yakan ce mata da yara su hallaka tare da iyayensu. A Afirka ta Kudu, nasarar Turawan Buwa a kan Zulu a ranar 16 ga Disamba 1838 ta zama ginshiƙin tatsuniyar cewa su ne sabuwar Isra'ila da aka ba ƙasa, tatsuniyar da daga baya ta shayar da mulkin wariyar launin fata. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, mai karatu ya naɗa kansa Joshuwa, ya naɗa maƙwabcinsa Bakan'ane, ba tare da wani ya aiko shi ba. Malaman Yahudawa sun toshe wannan ƙofa tun da wuri, suka ce Sennakerib sarkin Assuriya ya riga ya cakuɗa al'ummai, ba wanda zai nuna wani a yau ya ce ga Bakan'ane.

Shi ya sa muryar waɗanda aka karanta littafin a kansu take da muhimmanci. A 1989 Robat Wariya, ɗan kabilar Osej ta Amurka, ya rubuta cewa shi da idon Kan'aniyawa yake karanta labarin fitowa daga Masar, domin Allahn da ya 'yantar da bayi a farkon labarin shi ne aka ce ya kori 'yan ƙasa a ƙarshensa. A shekarar dai Na'im Atik, limamin Angilika Bafalasɗine, ya ta da irin wannan tambaya. Yana ɗan shekara 11 aka fitar da iyalinsa daga garinsu Baisan a 1948. Baisan ita ce Bet-sheyan ta Littafin Mahukunta.

Nan maganar ta haɗu da siyasar yau, Kiristoci kuma sun rabu. Wani ɓangare, masu bin koyarwar Jon Nelson Dabi da ta bazu ta hanyar bayanan da Sikofild ya buga a gefen Littafi Mai Tsarki a 1909, suna cewa alkawarin ƙasa ga zuriyar Ibrahim yana nan daram, kafuwar ƙasar Isra'ila a 1948 da yaƙin 1967 kuma cikar annabci ne. Wannan ra'ayi ya yi ƙarfi a Amurka, ya kuma shigo majami'unmu da yawa. Ɗaya ɓangaren, inda Katolika da Otodoks da yawancin tsofaffin ɗarikun Furotesta suke, sun ƙi ɗaura nassin kai tsaye a kan wata gwamnati ta zamani. Suna nuna Joshuwa 21:43-45, inda aka ce Ubangiji ya ba da ƙasar duka, ko kalma ɗaya ba ta faɗi ba. Suna nuna Ibraniyawa sura 4, da ta ce da Joshuwa ya ba su hutu na ainihi da ba a yi maganar wata rana ba, da Romawa 4:13 inda gādon Ibrahim ya zama duniya baki ɗaya, da maganar Yesu cewa masu tawali'u ne za su gāji ƙasa. Ni a nan nake. Amma wannan ba lasisin ƙin Yahudawa ba ne, domin Bulus a Romawa sura 11 ya ce Allah bai yar da jama'arsa ba. Ko wanda ya gaskata alkawarin ƙasa yana nan, annabawan da yake karantawa ba su taɓa raba zama a ƙasar da yin adalci ga baƙo da maraya da gwauruwa ba.

Akwai kuma masu cewa, kamar Erik Saibat da Gireg Boid a Amurka, Allah bai taɓa ba da wannan umarni ba, Isra'ilawa ne suka fahimce shi da tunanin zamaninsu, Yesu kuma shi ne ma'aunin da za a tace hoton da shi. Na fahimci abin da ya kai su nan. Damuwata ita ce in kowa ya sami izinin cewa wannan aya ta Allah ce waccan ta mutum ce, abin da ransa ke so shi zai rage masa, inuwar Markiyon kuma ba ta da nisa daga nan. Na fi natsuwa da a bar nassin da nauyinsa, a kuma kalli abin da Sabon Alkawari ya yi da shi. Matiyu ya sa Rahab cikin kakannin Yesu. Matar nan ta yankin Taya da Sidon da ta roƙi a warkar da 'yarta, Markus ya kira ta Bahelena 'yar Finikiya ta Suriya, amma Matiyu da gangan ya kira ta Bakan'aniya, sunan da ya riga ya tsufa a zamaninsa, kuma ita ce Yesu ya ce wa bangaskiyarki mai girma ce. Da Yakubu da Yahaya suka nemi su kira wuta a kan ƙauyen Samariyawa, ya juya ya tsawata musu. Da Bitrus ya zare takobi, ya ce ya mayar kube. Ba inda wani manzo ya ɗauki Joshuwa ya ce wa ikilisiya ku je ku yi haka.

Wannan ba zancen aji kaɗai ba ne a wurinmu. A Filato da kudancin Kaduna da Taraba, inda rikicin gona da kiwo da maganar ɗan ƙasa da baƙo suka ci rayuka, ana karanta Joshuwa da Hausa ranar Lahadi a gaban mutanen da suka binne 'yan'uwansu. Zafinsu na gaskiya ne, neman kariya da shari'a haƙƙinsu ne. Amma fasto da ya hau bagade ya kira wata kabila ko wani addini Kan'aniyawa ya faɗi abin da littafin bai faɗa ba. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wadda Boko Haram ta ƙwace hedkwatarta a Kwarhi a 2014, wadda kuma yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, tana da wannan littafi a cikin Littafi Mai Tsarkinta kamar kowa, ba ta kuwa sauka daga koyarwarta ta ƙin ramuwa ba.

Tsohon Alkawari da kansa ya nuna abin da ke faruwa ga wanda ya ɗauko tsohon umarnin ya zartar da shi bisa ra'ayin kansa. A 2 Sama'ila sura 21 an yi yunwa shekara uku a jere a zamanin Dawuda. Da ya nemi dalili, Ubangiji ya ce alhakin jini ne a kan Saul da gidansa, saboda ya karkashe Gibeyonawa. Nassin ya bayyana cewa su ragowar Amoriyawa ne, wato suna cikin al'umman da aka lissafa tun farko, ya kuma ce Saul ya yi hakan ne don kishin Isra'ila da Yahuza. Kishin bai wanke shi ba, kisan kai aka rubuta masa.